Labarin Daimon Na Ado Da Daimon Na Aiki

Daimon, wanda waɗansu ke kira lu'ulu'u, shi ne ya fi kowane dutse tauri cikin duwatsun da ake tonowa daga ƙasa. Galibin mutane a zobe suka san shi, ko a kambin sarakunan Turai, amma irin wannan na ado kaɗan ne cikin abin da ake tonowa. Mafi yawansa dusasshe ne, ko baƙi, ko mai tsaga, ko ƙanana kamar yashi. Shi ake kira daimon na aiki. Taurinsu ɗaya da na ado, kyau ne kaɗai ya raba su.

A zamanin da ƙasar Indiya ce ke ba duniya daimon, sa'an nan wajen shekarar 1725 aka same shi a Brazil. A shekarar 1867 wani yaro ya tsinci dutse mai ƙyalli kusa da Kogin Oranj a Afirka ta Kudu, aka duba, ashe daimon ne. Ba da daɗewa ba mutane suka yi cincirindo a inda garin Kimberley yake yanzu. Na ado kowa ke nema. Marar kyau kuwa sai a daka shi, a riƙa goge mai kyau da garinsa, domin daimon ba ya goguwa sai da ɗan'uwansa.

Amma wanda ya raina gajere bai taka kunama ba. Wajen shekarar 1862 wani Bature mai suna Leschot ya jera ƙananan daimon a bakin bututun ƙarfe, ya ga yana huda dutse da sauri. Daga nan masu neman ma'adinai suka kama aiki da shi. Aka sa shi a zarto don yanka duwatsu, da a dutsen washi don wasa ƙarfe mai tauri. Har wa yau akan huda shi a riƙa jan waya ta cikin hudar, ta fito siririya kamar gashi.

A shekarar 1918 aka sami daimon mai yawan gaske a Bakwanga ta ƙasar Kwango, garin da ake kira Mbuji-Mayi yanzu. A 1919 kuma aka same shi a kwarin Kogin Birim na ƙasar Gwalkwas, watau Ghana ta yau, har garin Akwatia ya shahara da shi. Galibin na wuraren nan biyu na aiki ne. Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke a 1939, masu ƙera jiragen sama da bindigogi a Ingila da Amurka suka dogara ƙwarai da daimon na Kwango. Hankalin Amurkawa bai kwanta ba, ganin ba sa tono shi a ƙasarsu, in hanyar teku ta yanke aiki ya tsaya.

To, tun a shekarar 1797 wani masani a Ingila, Smithson Tennant, ya nuna cewa daimon da gawayi asalinsu ɗaya. Zafi mai tsanani da matsi mai yawa, can ƙarƙashin ƙasa kamar zurfin mil ɗari, su ke sa shi ya zama daimon. Masana suka daɗe suna neman su kwaikwayi wannan zafi da matsi, abin ya faskara. A 1953 kamfanin ASEA na ƙasar Suwidin ya dace, amma ya ɓoye labarin. Ran 16 ga Disamba 1954 Tracy Hall, ma'aikacin kamfanin General Electric a Amurka, ya yi nasa, aka sanar wa duniya a 1955. Na farkon nan ƙanana ne, sai don aiki. A 1970 kamfanin ya yi wanda ya isa a sa a zobe.

Kada a ɗauka daimon na ƙira jabu ne. Jabu shi ne ƙarau ko wani dutse da aka goge ya yi kama da daimon. Na ƙira kuwa daimon ne sosai, taurinsu ɗaya da na tono, sai dai shi a masana'anta aka yi shi cikin ɗan lokaci, kuma ana iya yin sa daidai girman da mai aiki ke bukata.

Saboda haka yau fiye da kashi tara cikin goma na daimon da ake aiki da shi na ƙira ne, ƙasar Sin ce kuwa ta fi kowa yin sa. Masu masana'antu sun huta da fargaba, amma masu tono a wurare irin su Mbuji-Mayi da Akwatia su abin ya taɓa, domin dutsen da ake rububi a lokacin yaƙi ya yi araha, kasuwarsa ta koma hannun masu injuna.