Siffa a Matsayin Alkawari: Abin da Paro Ya Nuna game da Mutum-mutumin Hulɗa

Mutum-mutumin hulɗa, wato na'urar da aka ƙera domin ta yi mu'amala da jama'a ta hanyar kallo da murya da motsin jiki, yana da wata matsala da gwanintar ƙira kaɗai ba ta magance ta, domin siffar da aka ba shi alkawari ce ga mai kallonsa. Wanda ya ga fuska irin ta mutum zai sa ran fahimta da kara da sanin ya kamata, kuma da zarar na'urar ta gaza, sai sha'awa ta koma ƙyama. Masahiro Mori na Japan ya bayyana a 1970 cewa sabo da na'ura yana ƙaruwa gwargwadon kamanninta da mutum, har zuwa inda kamar ta kusa cika amma ba ta cika ba. A nan ne tsigar jiki kan tashi, kamar wanda ya gaisa da hannun roba yana zaton na gaske ne.

Takanori Shibata, wanda ya fara aikin ƙera mutum-mutumin da ake kira Paro a Japan a 1993, ya bi wata hanya dabam. Ya gwada siffar kyanwa, amma mutane sun san kyanwa ciki da bai, don haka nan take suka gane inda na'urar ta kasa. Sai ya koma ga siffar jaririn wata dabbar tekun ƙanƙara mai farin gashi da manyan idanu, wadda kusan babu wanda ya taɓa rungumarta, balle ya sami abin kwatantawa. Paro ba ya magana, ba ya tafiya; yana jin shafa da sauti da haske, ya lumshe ido, ya ɗaga kai, ya yi ɗan kuka, kuma wannan kaɗan ɗin ya isa a kai shi gidajen kula da tsofaffi masu gigin tsufa, har Amurka ta karɓe shi a matsayin kayan jinya a 2009. Pepper kuwa, wanda kamfanin SoftBank ya fitar a 2014 da siffar mutum da da'awar gane yanayin zuciya, an dakatar da ƙera shi kafin ya shekara goma.

Sai dai nasarar Paro ita ce ta jawo suka mafi nauyi. Sherry Turkle, malama a jami'ar MIT, ta yi gargaɗin cewa tsohuwar da ke zuba wa na'ura damuwarta tana magana ne da abin da ba ya fahimtar ko kalma ɗaya daga baƙin cikinta. Wannan suka tana da tushe, kuma amsarta tana ga yadda ake amfani da na'urar. Inda mai jinya ke zaune, Paro ya zama sanadin hira tsakanin mai jinyar da majinyaci, amfaninsa a fili yake. Inda aka miƙa shi ga tsoho domin a rage ma'aikata ko a huta da ziyara, an tauye wa tsohon haƙƙinsa.