Gusau ta Malam Sambo a Idon Ɗan Wonaka

Ni ɗan Wonaka ne, can aka binne cibiyata, kuma duk wanda ya tashi a ƙauyukan da ke gabas da Gusau ya san in an ce “birni” ba a nufin ko'ina sai ita. Ranar da na fara ganinta ina bisa buhunan gyaɗa ne a bayan motar kaya, mahaifina na riƙe da wuyan rigata don kada in zame. Muka biyo ta Mada, muka faɗo babban titi a Kwatarkwashi, dutsen nan ya tsaya mana a gaba kamar an kafa shi don tsaron ƙofa. Tun daga ranar nake jin zafi idan na ji baƙo yana cewa wai Gusau garin jirgin ƙasa ne da Turawa suka raya, ko wai ba a san da ita ba sai da Janar Sani Abacha ya ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba, 1996. Yanzu kuma an samu wasu da ba su san sunanta ba sai a labaran 'yan bindiga. Rashin sani ya fi dare duhu.

Wanda yake son sanin Gusau sai ya fara da 'Yandoto. Tsohon birni ne na malamai a ƙasar da ake kira Katsinar Laka, wato yankin kudu maso yammacin tsohuwar daular Katsina mai baƙar ƙasa da yawan ruwa. Tun ƙarnuka kafin jihadi ɗalibai ke zuwa can neman ilimi daga nesa. Har tarihin baka na Katsinawa yana cewa Muhammadu Korau, wanda ake ɗauka shi ne Sarkin Katsina Musulmi na farko, daga 'Yandoto ya fito. A cikin wannan birni Malam Muhammadu Sambo ɗan Ashafa ya zauna. Da kiran Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya iso, shi ya amsa, yawancin malaman garin kuwa suka ƙi. Muhammadu Bello ɗan Shehu ya ba da labarin abin da ya biyo baya a cikin littafinsa Infaƙul Maisuri: ya sauka kusa da garin, ya nemi a zauna a yi muƙabala da hujja, suka ƙi fitowa, aka yi yaƙi, gari ya faɗi. Wannan a wajen 1806 ne.

A nan ne gardama take, kuma ba ƙarama ba ce. Zuriyar mutanen 'Yandoto, waɗanda daga baya suka kafu a Tsafe, inda har gobe ake kiran sarkinsu 'Yandoton Tsafe, suna riƙe da cewa malamai ne Musulmi aka afka wa, aka watsa littattafansu. Na gidan Sambo kuwa suna cewa an ba su uzuri har uzuri ya ƙare. Na zauna da tsofaffin ɓangarorin biyu, ban taɓa ganin wanda ya sauka daga kan maganarsa ba. Ni dai abin da na riƙe shi ne, ilimin 'Yandoto bai mutu tare da ganuwarta ba. Ya biyo Malam Sambo, ya biyo waɗanda suka tafi Tsafe, shi ya sa har yau da wuya ka shiga lungu a tsohuwar Gusau ba ka ji ƙarar almajirai a zaure ba.

Sai kuma gardamar shekarar da Malam Sambo ya kafa Gusau. Wasu marubuta suna sa kafuwar Gusau a 1799, wasu a 1811. Ina tare da na biyun, domin Shehu bai yi hijira zuwa Gudu ba sai 1804, 'Yandoto kuma ba ta faɗi ba sai bayan haka, to da wuya a ce an kafa birnin tuta tun kafin a ba da tutar. Mai yiwuwa ne an yi wani zama a wurin tun da fari, amma zama daban, gari mai sarki da liman da alƙali daban. Sunan kansa daga “gusa” ake cewa ya samo asali, saboda jama'ar Malam sun yi ta gusawa daga wannan wuri zuwa wancan kafin su tsaya a bakin gulbi. Ko bayan sun tsaya ɗin ma, hare-haren waɗanda ba su miƙa wuya ga jihadi ba sun sa an koma Rawayya na wani zamani, sannan aka dawo aka sake ɗaga gari.

Wannan asali shi ne amsar tambayar da baƙi ke yawan yi: me ya kawo Sarkin Katsina cikin Zamfara? Sarautar gidan Sambo ita ce Sarkin Katsinan Gusau, domin ƙasar da aka damƙa wa Malam yanki ce ta Katsina, ba ta tsohuwar daular Zamfara ba. Mu mutanen Wonaka da Mada da Tsafe da Kwatarkwashi duk cikin wannan tarihi muke, ana jin sa ma a harshenmu, wanda ba Sakkwatanci ne zalla ba, ba kuma Katsinanci zalla ba. A zamanin En'e an taɓa fitar da riƙon gari daga gidan Sambo, aka riƙa kiran mai riƙe da shi Sarkin Kudu. Tsofaffin Kanwuri ba su manta wannan ba. Amma kowa ya bar gida, gida ya bar shi, sarauta kuwa ba ta bar gida ba, ta zagayo ta dawo hannun marigayi Alhaji Muhammadu Kabir Ɗanbaba, wanda ya rasu a 2015, marigayi Alhaji Ibrahim Bello ya gaje shi.

To baƙo ya fara da Kanwuri. Nan fada take, nan tsohon masallacin Juma'a yake, nan ne kuma za ka ga zaurukan da har yanzu ake cire takalmi tun daga nesa, a durƙusa a ce “ranka ya daɗe” kafin a faɗi abin da ya kawo mutum. In ya dace da sallah ƙarama ko babba, zai ga hawa da dawakai da 'yan bindigar gargajiya. Daga nan ya gangara Birnin Ruwa. Sabon Gari tana nan da shagunanta da baƙinta, Tudun Wada da cunkosonta, Samaru da sababbin gine-gine; waɗannan mota ma ta isa a gan su.

Inda ya kamata ya sauka ya taka da ƙafa shi ne wajen tashar jirgin ƙasa da Kantin Daji. Layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929. Mu ba mu da teku, wannan tasha ita ce bakin ruwanmu. Gyaɗa da auduga da fata da ƙiraga na gabashin Lardin Sakkwato a wancan zamani duk ta nan suke fita, gishiri da kananzir da atamfa su shigo. Kamfanonin Turawa da Kwarori suka buɗe kantuna, aka kafa gidan gurzar auduga, daga baya aka yi masaƙar Zamfara da kamfanin matsar man gyaɗa. Saboda wannan nauyi na garin ne aka turo Ahmadu Bello Gusau a 1938, shekarar da aka naɗa shi Sardauna, don ya kula da gundumomin gabas a madadin Sarkin Musulmi. A nan ya koyi mulkin jama'a kafin Kaduna ta san shi.

Ranar nan ta farko, bayan an auna gyaɗarmu an biya, mahaifina ya ja ni gindin wata bishiya kusa da tasha inda wata tsohuwa ke zaune da faifai a rufe. Ya ce, “Inna, a ba yaron nan na ɗumi, yau ya fara shigowa birni.” Ta ɗaga faifan, ta zaɓo hoce mai ƙonannen gefe, ta marmasa shi da yatsu cikin ƙoƙo, ta barbaɗa garin ƙuli-ƙuli da yaji, ta ɗiga man gyaɗa. Ta ce, “Ci a hankali, ɗana, hoce ba ya son gaggawa.” Gaskiyarta. Hoce garin dawa ne da ake kwaɓawa a bar shi ya ɗan yi tsami, sannan a gasa. Yana da nauyi a ciki, yana kuma kwana da kwanaki bai lalace ba, shi ya sa ya zama guzurin fatake da manoma da masu tafiya ci-rani. Wanda ya zo Gusau ya koma bai ci shi ba, ya ga gari ne kawai, bai ɗanɗana shi ba. Mutanen wasu garuruwa kan raina shi, su ce abincin talaka ne. Su faɗi abin da suke so. Shi ya riƙe kakanninmu a gona tun daga hantsi har la'asar.

Da rana sai fura. Furar gero mai yaji, a dama da kindirmon da matan Fulani ke ɗaukowa daga rugage, a sha da ludayi. Da dare tuwon dawa da miyar kuka ko ta sure, mai ɗan tsamin nan da ke sa mutum ya nemi ƙari. Masu tsire da balangu kuma sai bayan magariba suke kunna wuta, kuma naman Gusau ba ya buƙatar a roƙi mai saye, domin dabbobin daga kasuwannin ƙauye irin ta Mada suke fitowa. Lokacin sanyi ga rake, ga mazarƙwaila, ga dankali gasasshe a bakin titi.

Wanda ya samu yini guda ya fita Kwatarkwashi, a ƙaramar hukumar Bunguɗu. Dutse ne da ake hangowa tun daga nesa, garin kuma na kwance a gindinsa. Tsofaffi na ba da labarin bikin Baura, inda samari ke hawa ƙololuwa su kamo maiki don nuna jarunta. Kufan 'Yandoto kuma na can ta wajen Tsafe, ga mai son ya tsaya inda aka yi wancan karatu da wancan yaƙi.

Sai dai a yau ba zan iya cewa baƙo ya tafi can kai tsaye ba, sai ya tambayi 'yan gari halin da hanya ke ciki. Wannan shi ne abin da ke ci mini rai. Wani ƙanena da ya yi karatu a ƙasar Foland ya nuna mini hotunan Gdansk, birnin da ke bakin Tekun Baltik, wanda shi ma da fitar da hatsi ya yi arziki. A 1945 yaƙi ya rushe kusan dukkan tsakiyarsa. Mutanensa suka sake gina shi bisa tsohon fasalinsa, har da rumbunan hatsi da tsohon abin ɗaga kaya na bakin kogi, yau jama'a na zuwa daga ƙasashe don su gani, su ci kifinsu, su bar kuɗi. Mu kuwa ba jirgin yaƙin da ya jefa wa tasharmu bam. Da hannunmu muka sake ta. Jirgi ya daina zuwa, ciyawa ta rufe dogo, masaƙa ta yi shiru, waɗanda suka yi aiki a cikinta sun tsufa suna ba jikoki labarin ƙarar injin. Ko madatsar ruwan da ke kan Gulbin Sakkwato sai da ta ɓalle a ƙarshen Satumban 2006, ta ci rayuka da gidaje, sannan aka tuna da ita. An ba mu jami'ar tarayya a 2013, mun gode, amma ban san wani ɗaki guda a garin nan da ɗalibinta zai shiga ya ga takardun gidan Sambo da tsohon ma'aunin auduga da hotunan tasha an adana su wuri ɗaya ba.

A zuwana na baya-bayan nan na nemi bishiyar nan ta kusa da tasha, ban gane wurinta ba. Na sayi hoce a hannun wata yarinya mai talla, na ƙulle shi a leda don in kai wa mahaifiyata. Direban motar Wonaka yana ta kiran fasinja tun azahar ba ta yi ba, yana cewa, “Alhaji, in za ka shiga ka shiga, ba na son la'asar ta same mu bayan Mada.”