Sinadaran HDAC da Ciwon Daji

HDAC rukunin sinadarai 18 ne a ƙwayoyin jikin ɗan Adam. DNA a naɗe yake jikin furotin mai suna histon, kamar zare a kwarkwaro. HDAC kan cire wa histon alamar asetil, sai naɗin ya tsuke, ƙwayar gadon da ke wurin ta yi shiru. In mai hana ƙari girma ce ta yi shirun, daji ya samu ƙofa.

A 2006 Amurka ta amince da maganin vorinostat, mai daƙile HDAC, don wani dajin jini da ke fitowa a fata. Romidepsin ya biyo baya a 2009. Amma a kan ƙari mai tauri, irin sankarar mama, tasirinsu su kaɗai bai taka kara ya karya ba.