Daga da'irar Sakkwato zuwa taron masu zana taswira

Yau zancen taswira ne, wadda muke ce ma karti a lakwal.

A 1898 Faransa da Ingila suka zauna a Paris suna rabon ƙasar nan. Aka ɗora tsinke a kan Sakkwato, aka ja da'ira mai nisan mil 100, wajen kilomita 160, aka ce duk abin da ke ciki na Ingilishi ne. Ƙonni tana ciki. Ba wanda ya tambayi sarki, balle talaka. Kuma layin takarda bai tsare kowa ba: a watan Mayu na 1899 ayarin Voulet da Chanoine ya ratso ya ƙone Birnin Ƙonni, aka kashe mutane masu yawa. Daga baya Faransawa suka ga hanyar da aka bar musu zuwa Damagaram ba ta da ruwa, suka matsa aka sake shiri a 1904 da 1906, iyaka ta gusa kudu. Kyaftin Tilho da wani hafsan Ingila, O'Shee, suka bi ƙasa suna kafa alamomi har 1908. Haka muka kwana ƴan Faransa, danginmu na ƙetare suka kwana ƴan Ingila.

Sunayenmu ma yadda kunnen baƙo ya ji haka aka rubuta su. Mu ce Tajaye, takarda ta ce Tajaé. Ga Illela biyu, tamu da ta Najeriya, har mai nema a waya yakan ɓata.

To, a 2004 wani Bature ɗan Ingila, Steve Coast, ya kafa OpenStreetMap, taswirar intanet wadda kowa ke iya gyarawa kyauta. Masu wannan aiki suna da taro mai suna State of the Map, na farko an yi shi a Manchester a 2007. Duniya ta gane amfaninsu a girgizar ƙasar Haiti ta 2010, da annobar Ebola ta 2014, lokacin da masu agaji suka dogara da hanyoyi da ƙauyukan da ƴan sa-kai suka zana. Na Afirka ya soma a Kampala a 2017, ya zo Kodibuwa a 2019, Yawunde a 2023. A 2024 babban taron na duniya ya sauka Nairobi.

Matashinmu da zai je karo na farko, wallahi kada Turancin da ke yawo a zauren ya ba shi tsoro. Masu Faransanci suna nan, daga Mali, Togo, Kamaru. Kuma yana ɗauke da abin da hoton tauraron ɗan'adam ba ya gani. Hoto yana nuna rufin ɗaki, amma bai san wannan likita ce ko rumbun tsimi ba. Bai san wace hanya ke yankewa in Maggiya ta ciko da damina ba, ko inda motocin albasar Galmi ke bi su fita titi, ko sunan rugar da ke bayan Malbaza. Ƙauyen da ba ya kan taswira, masu rigakafi da masu rabon cimaka suna iya wuce shi ba da gangan ba.

Ku buɗe taswirar a wayarku ku duba garinku. In rijiyar unguwarku ba ta ciki, ko an karkace sunan ƙauyenku, ku aiko mana, za mu karanta a shirin.