Tarihin Faifai da Tuma-ƙasa a Ɗakunan Matan Bauchi

A wannan fitowa za mu waiwayi wani ɗan abu da maza ba su cika lura da shi ba, alhali babu gidan da bai ci albarkacinsa ba, wato kayan rufe abinci da iyayenmu mata kan ɗinka da hannunsu su ba 'ya'ya da dangi. Za mu ɗauki birnin Bauchi mu yi misali da shi, don abin da ya faru a can shi ya faru a sauran garuruwanmu.

Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa birnin Bauchi wajen 1809, ya kewaye shi da ganuwa, ya riƙe sarauta har rasuwarsa a 1845. Garin ya tara Gerawa da Fulani da Hausawa fatake da masu sana'a. A wancan zamani dukiyar ɗakin mace ita ce ƙwarya da akushi da tukunyar ƙasa. To, ƙwarya ba ta zuwa da murfi, ga ƙuda ga ƙurar hunturu. Faifai shi ne maganin wannan.

Aikinsa ba na gaggawa ba ne. Za a samo kaba a tsattsaga, a rina wata da baba, wata da karan dafi ta yi ja. Daga baya ne galura ta shigo kasuwa. Mai ɗinki takan fara daga cibiya, tana naɗe ciyawa da kabar, tana hudawa da basilla, tana zagayawa har ya kai faɗin da take so. Faifai ɗaya mai ado yakan ci kwanaki, don sai an gama daka da girki ake zama kansa.

Da zarar an sa ranar yarinya, sai uwa da inna da goggo da kaka kowa ta kama nata. Ranar jere a kafa su a bango, a rufe ƙore da sauran. Mata masu zuwa ganin ɗaki sukan gane hannun kowace, su ce wannan na goggonta ne. Haka kuma ranar kai gara ko suna, da faifan gidanku ake rufe abin da za a kai, kuma ana duba shi kafin a duba abin da ke ciki. Wadda ta ƙware kuwa takan ba yara su kai kasuwa, ta sami na gishiri da na biki tana cikin ɗakinta.

Turawa sun shigo Bauchi a 1902. Sannu a hankali kantunan kamfanoni suka kawo tasa da kwanon fenti daga Turai, daga baya har daga Hon Kon. Jirgin ƙasa ya iso Bauchi a 1961, kuma a shekarun nan ne masana'antu a Ikko da Kano suka shiga buga kwano a gida, ya yi araha. Kwano da langa sun zo da murfinsu, amma faifai bai mutu ba, domin da shi ake bakace da shanya da fifita wuta. Sunansa ma sai da ya hau kan sabon abu, aka ce faifan garmaho.

Mata kuma ba su zauna haka ba. Sun koyi saƙa da kwarashi da zaren ulu, suka fito da tuma-ƙasa don rufe kwanon maigida da tiren baƙi. Keken ɗinki, Singer sannan Butterfly, ya shiga gidaje, har ya zama cikin kayan da uba mai hali kan saya wa 'yarsa. Ƙyallayen atamfa da suka rage ba a zubarwa, a haɗa a ɗinka na sauke tukunya da na shimfiɗa a tire, a aika wa ƙanwa ko 'yar ɗaki.

A 1976 Bauchi ta zama hedikwatar jiha, ga kuɗin mai sun shigo. Sai yayin Pyrex da tangaran ya zo, jere ya tashi daga bango ya koma kabad. Da tsarin tsuke bakin aljihu ya zo a 1986, naira ta faɗi, mata da yawa suka koma ga allura da kwarashi. Shirin kyautata rayuwar matan karkara na Maryam Babangida, wanda aka fara a 1987, shi ma ya ƙarfafa koyon ɗinki da saƙa. Bayan haka ne roba da kuloli na ƙasar Sin suka cika kasuwannin Wunti da Muda Lawal.

Mu 'yan kasuwa mun san inda aka kwana. Yau kayan kicin na amarya sai an rubuta a takarda, uba ya ci bashi ya cika ta, amma da wuya ka ga abu ɗaya a ciki wanda hannun uwa ya taɓa. A da kowace 'yar uwa na da abin bayarwa ko ba ta da sisi. Yanzu wadda ba ta da kuɗi kan ƙi zuwa biki don kunya, zumunci ya yi ta raguwa.

Wannan ya fi shafar mu mazauna nesa da gida, don yaran da aka haifa a nan wasunsu ba su taɓa ganin ana fara faifai ba. Tsofaffin da suka iya suna nan tare da mu, amma ba za su dawwama ba. Mai 'ya mace ya saya mata basilla da kwarashi, ya tura ta wurinsu da yamma. In bikin wata ya zo, a sa faifai ko tuma-ƙasa ɗaya na hannun dangi cikin kayan, ko da kulolin sun kai ashirin.

Allah ya saka wa iyayenmu mata da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, amin.