Ɗan Gida a Kasuwa: Yadda Doka da Lissafi ke Raba Ƙungiyoyin Ingila da Yaran da Suka Rena

Da yawa daga cikin masu cika gidajen kallon ƙwallo a Kano, Kaduna ko Maraɗi magoya bayan ƙungiyoyin da ke saye ne: Manchester United, Arsenal, Chelsea, Liverpool. Don haka idan aka ɗauko wani matashi daga ƙaramar ƙungiya, labarin yakan iso mana ne daga bakin wanda ya samu. Wanda ya rasa ba mu cika jin ta bakinsa ba. Wannan maƙala ta tsaya ne a ɓangaren mai sayarwa, kuma abin da take son tabbatarwa shi ne cewa sayar da ɗan gida a Ingila ya tashi daga larurar da kan faɗo wa ƙungiya jefi-jefi, ya koma abin da dokar kwantiragi da ƙa'idar lissafi ke ingiza ta ta yi, ko tana cikin talauci ko tana cikin wadata.

Cinikin Wayne Rooney shi ne tsohon salon abin. An haife shi a unguwar Croxteth ta birnin Liverpool a 1985, a gidan magoya bayan Everton, ya shiga makarantar yara ta ƙungiyar yana ɗan shekara tara. Ranar 19 ga Oktoba 2002, saura kwana biyar ya cika shekara 17, ya zura wa Arsenal ƙwallon da ta yanke mata jerin wasanni 30 da ta yi ba a doke ta ba. A gasar ƙasashen Turai ta 2004 ya ci wa Ingila ƙwallo huɗu, daga nan kuwa farashinsa ya fi ƙarfin gidan da ya rene shi. Everton ta gama kakar da ta gabata a matsayi na 17, bashi ya yi mata katutu, yaron kuma ya ƙi sa hannu a sabon kwantiragi, ya nemi a sake shi. Newcastle ta taya, Manchester United ta ƙara, ranar 31 ga Agusta 2004 aka sallama a kan abin da ya haura fam miliyan 25.

Masu kare irin wannan ciniki suna son kafa hujja da abin da ya biyo baya, kuma suna da abin riƙewa. A kakar 2004/05, ba tare da Rooney ba, koci David Moyes ya kai Everton matsayi na huɗu, sama da maƙwabciyarta Liverpool. Kuɗin ya sassauta bashi, ya ba da damar ɗauko James Beattie da Mikel Arteta. Sai dai a duba ɗaya gefen ma'aunin. Villarreal ta fitar da Everton tun a zagayen share fage na Gasar Zakarun Turai a 2005, kuma Everton ba ta sake gama kaka cikin huɗun farko ba. Rooney kuwa ya ci wa United ƙwallo 253, ya ɗauki kofin Firimiya biyar da na Zakarun Turai a 2008. Kuɗin da Everton ta karɓa ya ƙare cikin 'yan shekaru, amfanin da United ta saya ya kai shekara 13.

West Ham ta fi nuna munin abin. Ta sayar da Rio Ferdinand ga Leeds a kan fam miliyan 18 a Nuwamba 2000, ta sayar da Frank Lampard ga Chelsea a kan miliyan 11 a 2001, ta kashe wani kaso na kuɗin a kan 'yan wasan da ba su tsinana abin kirki ba. A 2003 ta faɗa rukuni na biyu duk da maki 42 da ta tara, sai Joe Cole da Glen Johnson suka bi sahun Lampard, Jermain Defoe da Michael Carrick suka tafi Tottenham. Cikin shekara huɗu an watse da zubin yaran da da wuya wata makaranta a Ingila ta taɓa fitar da irinsa a lokaci guda. Leeds ma, bayan ƙasa da shekara biyu, ta sayar da Ferdinand ga United a kan kusan miliyan 30.

To me ya hana ƙungiya ta ce ba ta sayarwa, a zauna lafiya? Amsar farko tana cikin hukuncin da Kotun Tarayyar Turai ta yanke ranar 15 ga Disamba 1995 a ƙarar Jean-Marc Bosman, ɗan ƙasar Beljiyam. Bayan hukuncin, ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare yana iya tafiya ba a biya tsohuwar ƙungiyarsa kuɗin saye ba. Hukunci ne na adalci ga ma'aikaci, ban ga abin kushewa a asalinsa ba. Amma ya sa kowane kwantiragi ya zama dukiyar da ke narkewa: da ya rage shekara biyu farashi yakan fara sauka, da ya rage ɗaya kuma mai saye ne ke faɗin nasa. Shugabannin ƙungiyoyi ba su manta da Sol Campbell ba, wanda Tottenham ta rena har ya zama kyaftin, ya bari kwantiraginsa ya ƙare a 2001, ya tsallaka zuwa Arsenal, babbar abokiyar gabarta, ba ta samu ko kwabo ba.

Amsa ta biyu ita ce ba a cika tattaunawa a kanta ba, kuma ita ce ta sauya yanayin cinikin baki ɗaya. A littafin akanta, ɗan wasan da aka saya kadara ce da ake rarraba kuɗinta a kan shekarun kwantiraginsa. A ɗauka an saye shi miliyan 50 na shekara biyar. Kowace shekara ana rubuta miliyan 10 a matsayin kashewa, bayan shekara biyu darajarsa a takarda saura miliyan 30. Idan aka sayar da shi miliyan 35, ribar da za a rubuta miliyan 5 ce kawai. Yaron da ya taso a makarantar ƙungiyar kuwa ba a saye shi ba, darajarsa a takarda sifili ce, idan aka sayar da shi miliyan 35 duka riba ce, kuma ana rubuta ta nan take a shekarar. Kamar mai kiwo ne da ya kai rago biyu kasuwa, ɗaya sayayye ɗaya haihuwar gida: na farko sai ya cire uwar kuɗi, na biyu kuwa duk abin da aka ba shi riba yake gani, don bai taɓa rubuta dusa da harawar da ya ci ba.

Wannan bambanci bai dami kowa sosai ba sai da hukumar Firimiya ta fara hukunci da gaske a kan dokarta da ta hana ƙungiya yin asarar da ta wuce fam miliyan 105 cikin shekara uku. A Nuwamba 2023 aka zabtare wa Everton maki 10, aka mayar da su 6 bayan ɗaukaka ƙara. A Maris 2024 aka cire wa Nottingham Forest maki 4, kuma shari'arta ce ta fi tona asirin tsarin. Forest tana da Brennan Johnson, wanda ya shiga makarantarta tun yana ƙaramin yaro. Shekarar lissafinta tana rufewa ranar 30 ga Yuni 2023. Brentford ta taya shi, Forest ta ga tayin bai kai ba, ta jira har 1 ga Satumba ta sayar wa Tottenham a kan fam miliyan 47.5. Ta fuskar kasuwanci ta yi dabara, ta samu ƙarin kuɗi masu yawa. Ta fuskar doka ta makara da wata biyu, kuma kwamitin da ya saurari ƙarar bai karɓi wannan a matsayin uzuri ba. Darasin da sauran ƙungiyoyi suka ɗauka a fili yake: gara a sayar da ɗan gida da araha kafin ƙarshen Yuni da a jira farashinsa na gaskiya.

Sun kuwa yi aiki da shi. A makonnin ƙarshe na Yuni 2024 Chelsea ta sayar da Ian Maatsen ga Aston Villa, Villa ta sayar mata da Omari Kellyman a kan fam miliyan 19 alhali bai buga wa manyan 'yan wasanta abin a zo a gani ba. Villa da Everton suka yi musayar Tim Iroegbunam da Lewis Dobbin, kowacce ta rubuta riba nan take, ta rarraba kuɗin sayen a kan shekaru masu zuwa. Newcastle, wadda asusun zuba jarin gwamnatin Saudiyya ke da mafi yawan hannun jarinta, ta sallama Elliot Anderson ga Forest a kan kimanin miliyan 35, kocinta Eddie Howe kuma bai ɓoye cewa ba da son ransa aka yi ba. A nan ba za a ce talauci ba ne. Ƙungiya ce mai masu gida attajirai ta rabu da yaron yankinta don kawai shafin lissafi ya daidaita.

Akwai mai cewa ai wannan ma alheri ne, tunda kuɗin da ake kashewa a makarantun yara ba ya shiga lissafin asarar, ribar sayarwa kuma tana ƙarfafa ƙungiyoyi su ci gaba da reno. Gaskiya ne makarantun Ingila sun bunƙasa. Amma sai a tambaya, reno don wa? Idan manufar makaranta ta koma fitar da kayan sayarwa, za a riƙa auna yaro da ranar da zai fi tsada, ba da gurbin da zai cike a fili ba. Chelsea ta rabu da Mason Mount a 2023 da Conor Gallagher a 2024, dukansu sun shigo ta tun suna 'yan firamare, a daidai lokacin da take kashe ɗaruruwan miliyoyi wajen sayo matasan da wasu suka rena. Tsarin da ke saka wa irin wannan hali, ya kuma hukunta Forest don ta jira farashi mai kyau, bai cancanci a kira shi kariya ga ƙananan ƙungiyoyi ba.

Abin takaicin shi ne inda fushin magoya baya ke sauka. Shekaru Rooney ya yi yana shan ihu duk ranar da ya taka Goodison Park, filin Everton a lokacin, da jar rigar United, Campbell kuwa har yau wasu magoya bayan Tottenham ba su yafe masa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A zamanin Rooney aƙalla yaron ne ya nemi tafiya, ana iya yi masa ƙorafi. Anderson bai nema ba.

Maye gurbin dokar asarar da wata kaɗai ba zai magance matsalar ba. Ƙa'idar hukumar ƙwallon Turai, UEFA, wadda ta taƙaita abin da ƙungiya za ta kashe kan albashi da sayen 'yan wasa zuwa kashi 70 cikin ɗari na abin da take samu, ita ma tana lissafa ribar sayar da 'yan wasa cikin kuɗin shiga, don haka ɗan gida yana nan a matsayin kadara mafi saurin kawo sauƙi. Gyaran da nake ganin zai taɓa tushen abin guda biyu ne: a rarraba ribar sayar da ɗan makaranta a kan shekaru kamar yadda ake rarraba kuɗin saye, sannan a cire albashin ɗan gida, ko wani kaso nasa, daga lissafin da ake hukunci a kansa muddin yana buga wa ƙungiyar da ta rene shi.