Ciwon baya da ƙugu ga masu juna biyu: abin da ke jawo shi da yadda ake samun sauƙi

A Chinade da ƙauyukan da ke kewaye da ita a Ƙaramar Hukumar Katagum ta Jihar Bauchi, mace mai juna biyu ba ta daina daka da ɗiban ruwa da shara da goyon yaro don ciki ya tsufa. Idan kwankwaso ya riƙe, ko zogi ya sauka daga ɗuwawu zuwa ƙafa, akasari akan ce sanyi ne ko laulayi, a aika kemis a sayo magani. Yawancin wannan ciwo ba shi da haɗari. Haɗarin yana cikin shan maganin da bai dace ba, da kuma yin biris da alamun da ke bukatar asibiti.

Iri uku na ciwon

Na farko shi ne ciwon kwankwaso, wanda kimanin rabin masu juna biyu kan yi fama da shi. Ciki yana jan jiki gaba, gadon baya ya ƙara lanƙwasa, naman baya ya gaji. Mace mai matsakaicin jiki takan ƙara kilo 11 zuwa 16 kafin haihuwa, kuma baya da ƙugu ne ke ɗaukar nauyin.

Na biyu shi ne ciwon gaɓoɓin ƙugu, da ke samun kusan mace 1 cikin 5. Sinadaran jiki, ciki har da wanda ake kira rilaksin, suna sassauta jijiyoyin da ke ɗaure ƙasusuwan ƙugu domin shirin haihuwa. Ana jin sa a mara ko bayan ƙugu, musamman wajen juyawa a shimfiɗa ko tsayawa a kan ƙafa ɗaya.

Na uku shi ne wanda likitoci ke kira sayatika. Akwai wata jijiya da ta fi kowace tsawo da kauri a jikin ɗan Adam, wadda ta fito daga ƙasan gadon baya, ta ratsa ɗuwawu da bayan cinya, rassanta suka kai tafin ƙafa. Idan faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya ya gurɗe, ko naman ɗuwawu ya ɗaure ya matse ta, sai a ji zogi kamar wuta ko sukar allura yana sauka, galibi a ƙafa ɗaya. Wannan nau'in bai kai sauran biyun yawa ba.

Hanyoyin samun sauƙi a gida

A shawarwarinta na 2016 kan kula da masu juna biyu, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar motsa jiki a kai a kai domin kare ciwon baya da ƙugu, tare da ambaton gashi da ɗamarar tallafar ciki. Kwanciya wuni guda tana ƙara sandarar da jiki. Tattaki kaɗan-kaɗan ya fi amfani.

Sauran sauƙin yana cikin sauya yadda ake aikin gida. Maimakon sunkuyawa da gajeriyar tsintsiya, a ɗaura mata sanda. Wajen girki da wanki a zauna a kan kujera mai ɗan tsayi, a rage dogon tsugunno. Idan za a ɗaga abu, a lanƙwasa gwiwa, baya yana miƙe. A raba ruwan bokiti gida biyu, a daina saɓa yaro a kwatangwalo ɗaya. Da dare a kwanta ta gefe, a sa matashi tsakanin gwiwoyi. Tsumma mai ɗumi a kan kwankwaso yana taimakawa, amma ban da ruwa mai tsananin zafi.

A nan maigida da uwar miji da abokan zama ke da rawar takawa. Mai cikin fari takan ɓoye ciwonta saboda kunya. Ɗauke mata daka da jarkar ruwa a watanni uku na ƙarshe magani ne da ba a saye da kuɗi.

Hattara da magungunan kemis

Farasitamol ne likitoci suka fi amincewa da shi, a bisa ƙa'idar da ma'aikacin lafiya ya gindaya. Amma ibufurofen da dikilofenak da danginsu sai da izinin likita. A shekarar 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin a guje su daga mako na 20, domin suna iya shafar ƙodar ɗan tayi su rage ruwan da yake kwance a ciki. A ƙarshen ciki kuma suna iya rufe wata hanyar jini kusa da zuciyarsa tun lokaci bai yi ba. Haka nan a guji tiramol da haɗin ƙwayoyi marasa suna da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba.

Alamun da ba a jira da su

A garzaya asibiti idan ciwon baya ya zo da zubar jini ko fashewar faya, ko yana zuwa yana tafiya a jere kafin mako na 37, domin yana iya zama naƙudar bakwaini. Zazzaɓi da zafin fitsari tare da ciwon kwiɓi na iya nuna cuta ta kai ƙoda. Kumburi da zafi a ƙafa ɗaya na iya zama gudan jini. Mutuwar jiki tsakanin cinyoyi, kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko jan ƙafa, alamu ne na matsewar jijiyoyi da ke bukatar likita a ranar. Mai ciwon sikila kuwa, kada ta ɗauki ciwon ƙugu da wasa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce awon ciki kada ya gaza sau 8. Kowane zuwa dama ce ta faɗa wa ungozomar asibiti inda ke ciwo da lokacin da yake tashi. Abin da ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti akan tura shi asibitin tarayya da ke Azare. Ga mafi yawan mata, ciwon yakan lafa cikin makonni ko 'yan watanni bayan haihuwa. Wadda nata ya ƙi tafiya ta koma a sake duba ta.